Sai Ta Yi Kore

Sunana Usmanu, amma a Jiga Birni in ka ce Usmanu za a tambaye ka wanne, sai ka ce Manu Bahago. Manomin albasa ne ni, ɗan manomin albasa, kuma ban taɓa zama mai sanyin hali ba, duk wanda ya yi iyakar gona da ni zai ba da shaida. Ba labarina zan bayar ba. Labarin surukina ne, Ɗayyabu, mijin 'yata Maijidda, wanda ya rasu bara kafin ruwa ya sauka. Sai dai babu yadda zan faɗi nasa ban shiga ciki ba.

An haifi Ɗayyabu a Andarai, can ƙasar Maiyama. Gidansu gidan gero da dawa ne, shi kuwa tun tasowarsa fartanya ba ta karɓe shi ba. Mahaifinsa ya gaya mini, ranar da suka zo neman aure, cewa rediyo biyu ya rasa a hannunsa, kowacce ya farke cikinta don ya ga mai maganar. Da tsohon ya ga duka ba ya magani, sai ya kai shi Jega ya damƙa wa wani mai gyara. Shekara tara ya yi yana shaƙar hayaƙin dalma kafin ya kafa nasa teburin a wata 'yar rumfa a unguwar Magaji.

Lokacin da ya kafa teburin, rediyo ta fara ja da baya. Abin da ya cika gari shi ne fitilun caji da tocila masu araha, waɗanda za ka saya yau, bayan wata uku su zama abin wasan yara. Sauran masu gyara sukan sake maka batir su sallame ka, sun san za ka dawo. Ɗayyabu ya zauna ya farfasa matattun fitilu sun fi ɗari, har ya gano ciwon. Babu abin da ke ce wa batir ya isa a cikinsu. Wuta tana ta shiga batir ko ya cika, har ya yi zafi, ya kumbura, ya mutu. Sai ya fara haɗa wani ɗan allo da bai wuce akwatin ashana ba, wanda ake sawa tsakanin wuta da batir. Allon yana auna wutar da ke shiga, yana ba batir a hankali, in ya ƙoshi ya yanke da kansa. Ya sa masa 'yan ƙwayaye biyu. Ja na nufin yana sha, kore na nufin ya ƙoshi. Gidan da yake yi wa allon kuwa, akwatin sabulu ne na roba, irin wanda mata ke kaiwa bayi.

Aibinsa ɗaya, a ganin mutane, nawa. Ka zo da gaggawa, mota na jiranka, ka ce ya cire maka batirinka haka nan, sai ya dube ka da wannan fuskar tasa ta marar laifi ya ce, "Dakata kaɗan, sai ta yi kore." Ya faɗa har ta zame masa suna. Daga Jega har Aliero, har kasuwar Maiyama, in ka ce Ɗayyabu ba lallai a gane ba, amma in ka ce Sai-ta-yi-kore kowa zai nuna maka rumfarsa. Malaman tsangaya suna kawo masa batirin lasifikar masallaci, matan aure suna aiko da fitilunsu, masu cajin waya suna layi. Ba shi da gona, ba shi da shanu. Wannan sunan shi ne duk abin da ya tara a duniya.

Gaskiya ban so shi ba da fari. Na ga hannunsa ranar gaisuwa, sumul kamar na mai jego, na ce a raina wannan ko buhun ƙaiƙayi ba zai ɗaga ba. Amma Maijidda ta ce sai shi, bincike kuma bai turo komai ba sai alheri, na ba shi. Shekara takwas ina jiran ya yi abin da zan yi faɗa, bai yi ba, abin har haushi yake ba ni.

Kunya kuwa, ko a cikin mutanenmu da aka sani da kunyar surukai, tasa ta yi yawa. Tun daga bakin garka, wato ƙofar gida, yake tuɓe takalmi. Ya durƙusa can nesa, kansa a ƙasa, ya gaishe ni da muryar da sai na kasa kunne. Bai taɓa cin abinci a gabana ba, bai taɓa haɗa ido da ni ba. In yana da magana da ni, Maijidda yake ba wa, ta kawo. Ni ma haka nake mayarwa. Da haka muka tashi, kuma ban taɓa ganin aibin abin ba.

Da kafaɗata ta fara ciwo saboda famfon feshi na hannu, sai ga shi da Maijidda ranar wata Lahadi da injin feshi mai batir. Ya cire masa batirinsa mai nauyi, ya haɗa masa wani marar nauyi da ƙananan batiran da ake cirowa daga tsoffin kwamfutoci. Ga farantin sola, ga akwatin sabulu shuɗi a tsakani. Shi yana durƙushe a waje, jikin bangon zaure, inda yake jin komai, Maijidda tana ciki tana yi mini bayani kamar yana Makka.

"Baba, cewa yay yi kak ka bar batirin ga cikin rana, inuwa shika so. Kuma wanga batir ba irin na mota ba na, hushi garai. Kak ka haɗa shi da hwaranti ba tare da akwatin ga ba, ko da wasa."

Na ce, "Ce mishi na jiya. Tun ba a haihe shi ba nika tada injin ban-ruwa."

Na ji ɗan tarinsa daga waje. Ban sani ba ko dariya ya haɗiye.

Shekara guda injin yana yi mini aiki lafiya lau. Har bazarar da abin ya faru, yau shekara huɗu. Mun riga mun cire albasa mun zuba a rudu. Wanda bai san rudu ba, rumfa ce ta kara da ciyawa da ake ɗagawa sama da ƙasa, a shimfiɗa albasa a ciki iska na ratsa ta, a jira lokacin da za ta yi daraja. Rudu uku ne a jere a bakin fadama, ɗaya nawa, biyu na maƙwabcina Lauwali. Noman rani gaba ɗaya yana ciki.

A ƙasa kuma ina da tattasai, tsutsa ta faɗa masa. Ranar Juma'a da hantsi ina tsakiyar feshi batir ya ƙare, saura rabin gona. Na haɗa caji na zauna. Jar ƙwayar nan ta zuba mini ido, ni ma na zuba mata. Rana tana ƙuna kamar ta narka dutse, wai amma a ce wannan ɗan akwatin sabulu ne zai riƙa ɗigo wa batir wuta kamar ana ba jinjiri ruwa. Raina ya ɓaci. Sai na yi tunanin manomi. Mu in muna ban-ruwa muka ga fangalin shuka ba ya cika da wuri, toshiyar da ke hanya muke farkewa, ruwa ya wuce. In ya cika ya tumbatsa, ya malala na gaba, babu asara. Na ɗauka batir ma haka yake.

Na zaro wuƙa na feƙe wayar da ke shiga akwatin, na feƙe wadda ke fita, na haɗa su na murɗe, wuta ta riƙa wucewa kai tsaye. Na naɗe da tsinken roba yadda muke ɗaure tiyo. Akwatin yana nan rataye a tsakiya, ba ya aikin komai. Na ɗora faranti a kan rudu, injin kuma na tura shi ƙarƙashin ciyawa, cikin inuwa, tunda an ce batir ba ya son rana. Wannan kam na bi. Na yi alwala na tafi masallaci, ina jin daɗin kaina, kafin in dawo ya cika.

Muna sallamewa aka ga hayaƙi. Kafin mu isa, iskar bazara ta riga ta gama aikinta, rudu uku sun zama toka. Kwana bakwai garin yana warin gasasshiyar albasa. Har yau in mata suna suya a gida, fita nake yi.

Washegari aka taru a zauren mai gari. Wani ya tono ragowar injin a cikin toka, robar ta narke, amma ɗan allon yana nan baƙi ƙirin da wayoyinsa a jiki. Kowa ya san aikin wane ne. Aka aika Jega, Ɗayyabu ya zo a kan babur, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa a gaban mutum kusan arba'in. Aka miƙa masa allon.

Ina kallon hannunsa. Ya juya abin sau ɗaya, ya bi wayar da babban yatsa, sai yatsan ya tsaya cak a kan murɗin. Ɗayyabu ba ya murɗa waya, da dalma yake like ta, duk wanda ya taɓa zama a rumfarsa ya sani. Murɗin nan kuma hagu ya yi. Bahago ɗaya ne ya taɓa injin nan. Na ga ya rufe wurin da tafin hannunsa. Bai ɗago ba, bai dubi inda nake ba.

Mai gari ya ce, "Malam Ɗayyabu, wanga aikinka na?"

Ɗayyabu ya ƙara sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Nawa na, ranka ya daɗe. Ku yi haƙuri."

Wallahi bakina ya buɗe. Maganar ta zo har maƙogwaro. Sai na dubi mutanen, sa'o'ina da 'ya'yan sa'o'ina, na dubi farin gemuna, na tuna a gaban mijin 'yata zan ce ni ne wawan da aka gargaɗa bai ji ba. Na ce a raina, bari a watse, gobe in sami mai gari shi kaɗai. Na rufe bakina.

Lauwali, wanda ya fi kowa asara, ya share fuska ya ce, "Ƙaddara ta. Mun yahe, duniya da lahira." Aka yi ta sa masa albarka. Abin da ya fi ƙona ni, ni ma aka yi ta yaba mini. Wai suruki ya ƙone mini noman shekara, amma ko uffan ban ce masa ba. Ni, Manu Bahago, da na taɓa fasa wa mutum baki a kan kunya ɗaya ta gona, ranar nan aka naɗa ni sarkin haƙuri. Na karɓa, har da sunkuyar da kai.

An yafe masa, babu wanda ya nemi komai a hannunsa. Sai dai kafin kasuwa biyu ta ci, labari ya kai ko'ina: akwatin Sai-ta-yi-kore yana tada gobara. Mata suka riƙa fizge akwatunan sabulun daga jikin fitilu suna jefawa bola. Aka cire na masallatai. Masu cajin waya suka koma wurin wasu. Babu wanda ya zage shi, gaisawa ake yi da shi a wuce. Laƙabin ma aka daina kira, ya koma Ɗayyabu kawai. Shekara guda yana buɗe rumfa da safe, ya jera kayan aikinsa, ya zauna har la'asar, ya kwashe.

Goben da na ce zan je wurin mai gari ba ta zo ba. Na ce bari ƙura ta lafa. Da ta lafa na ce ai tada tsohon zance sai ya ƙara jagula abin. Na ce bayan damina. Na ce bayan azumi. Mai son ya yi shiru ba ya rasa dalili, ni kuwa kullum da sabo nake kwana.

Wata biyu bayan gobarar Maijidda ta zo gida ita kaɗai, ta ajiye mini kwali. Sabon injin feshi ne, da sabon akwati. Amma wannan karon wayoyin duk a cikin bututun ƙarfe suke, an toshe bakinsu da wani irin danƙo mai tauri, babu inda wuƙa za ta shiga. Na jira ta ce, "Cewa yay yi," kamar yadda ta saba. Ba ta ce ba. Na gane saƙon sarai, kuma na karɓi injin na ci gaba da feshi da shi.

Daga baya Ɗayyabu ya rufe rumfar. Ya shiga dakon buhunan albasa a tasha, shi da na ce ko ƙaiƙayi ba zai ɗaga ba. Daga nan ya koma rakiyar kaya, yana hawa saman lodi zuwa kudu, ya yi kwana goma bai dawo ba. Duk Sallah yana zuwa, ya tuɓe takalmi a bakin garka, ya durƙusa a inda ya saba. Hannun nan ya tsattsage, farce ya yi baƙi. A Sallar layya ta ƙarshe na yi niyya da gaske. Na ce, "Malam Ɗayyabu." Ya ce, "Na'am, Baba." Na dubi ƙeyarsa na ɗan lokaci, sai na tambaye shi yadda hanya take. Ya ce hanya lafiya lau.

A hanyar ya rasu. Motar ta kife da su da rana tsaka bayan sun wuce Koko, yana sama, buhuna suka danne shi. Mutanen wurin suka yi masa sutura. Ko gawarsa ba mu gani ba. Shekararsa talatin da tara.

Da Maijidda ta fita takaba ta dawo gidana. Kwana biyu da dawowarta, da safe ina zaure, ta shigo ta durƙusa ta ajiye wani ƙullin tsumma a gabana. Na kwance. Ɗan allon ne, baƙi ƙirin, da murɗin wayata a jiki kamar jiya na yi shi.

Ta ce, "Tun ranar yab ba ni, yac ce in jeha shi gulbi kada wani ya gani. Ban jeha ba."

Na ce, "Ke ma kin sani ke nan."

"Na san hannunka, Baba. Kai kak koya man tubkar igiya."

Na rasa inda zan sa idona. Na ce, "To mi yah hana ki magana?"

"Shi yah hana ni. Har rantsuwa yas sa ni." Ta murza bakin mayafinta. "Yac ce kai tsoho na, in sunanka ya ɓaci ba ka da lokacin gyara shi. Shi yaro na, shina da sauran lokaci."

Ba ta yi kuka ba, ni na yi. Tun rasuwar mahaifiyata ban yi irinsa ba. Ta jira har na gama, ta tashi ta shiga gida.

Juma'ar da ta biyo, bayan an sallame, na miƙe a gaban jama'a da allon a hannuna. Na faɗi komai, wuƙar, murɗin, shirun da na yi a zauren mai gari. Na so wani ya zage ni. Na so Lauwali ya shaƙe ni, ko ya tofa mini yawu. Sai ya dube ni, ya girgiza kai, ya ce, "Ƙaddara ta, Manu. Mun yahe. Allah ya jiƙan shi." Aka shafa fatiha. Wasu har suka riƙe hannuna suna cewa ba kowane dattijo ne zai iya wannan ba. Kafin mako ya zagayo an koma zancen taki.

Na je Jega, unguwar Magaji, in faɗa wa maƙwabtan rumfarsa. Mai kayan miya na tarar a wurin. Na tsaya ina bayani kamar mai tallar magani, rabin masu saurare ba su ma san wanda nake nufi ba. Ɗaya ya ce, "Au, wanda kayanshi ka kama wuta?" Na ce ba su taɓa kamawa ba, ko ɗaya. Ya ce to, Allah ya jiƙan Musulmi, ya ci gaba da awonsa.

Maijidda tana gaishe ni kowace safiya, tana kawo mini fura kamar da. Ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Sai dai ta daina zama hira.

Injin da Ɗayyabu ya aiko mini yana nan, shekara huɗu bai taɓa tari ba. Yanzu in na haɗa caji ba na zuwa ko'ina, zama nake yi a gabansa har sai ta yi kore. Makon jiya ina zaune haka a bakin fadama sai ga Kalilu, wani baƙo da ya kama hayar gona kusa da tawa. Batir uku ya kashe a rani ɗaya. Ya tsuguna ya ƙare wa akwatin kallo, daidai lokacin jar ƙwayar ta mutu, koren ta kama.

Ya ce, "Kai! Da kanshi shika yankewa? Baba, wa yay yi maka wanga aiki?"

Na ce, "Ɗayyabu na Andarai. Ɗana na. Duk ƙasag ga babu irin hannunai."

Ya miƙe yana karkaɗe wando, ya ce, "To ina rumfatai take? Gobe-goben nan in kai mishi nawa."